BABI NA UKU: ƘANANAN GIDAJEN TARIHI A KAN HANYAR MATAFIYIN BAGWAI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren tafiye-tafiyen da Bahaushe ya gada, kamar fatauci da ci-rani da almajiranci da ziyarar 'yan'uwa. Wannan babi kuwa zai dubi wani abu ne da matafiyi kan wuce ta gabansa a cikin irin waɗannan tafiye-tafiye, sau da yawa ba tare da ya leƙa ba, wato ƙananan gidajen adana kayan tarihi. An ɗauki Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano a matsayin mafarin tafiyar, sannan aka bi hanyoyin da mutanenta kan bi, aka kawo gidajen da ke bakin waɗannan hanyoyi. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, manomin karkara ya fi yawancin masu ziyara sanin abubuwan da aka ajiye a irin waɗannan gidaje, amma kuma kayan rayuwarsa su ne mafi ƙarancin samun wurin ajiya, kuma su ne suka fi saurin salwanta.

3.1 Bagwai da Tafiye-tafiyen Mutanenta

Ƙaramar Hukumar Bagwai tana arewa maso yammacin birnin Kano, kuma daga cikin maƙwabtanta akwai Bichi da Shanono da Tsanyawa. Faɗin ƙasarta ya kai kimanin murabba'in kilomita 405, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 160,000. Daga cikin mazaɓunta akwai Bagwai da Kiyawa da Gogori da Rimin Dako da Romo da Gadanya da Wuro Bagga. Ƙasa ce ta noma mai yawan jama'a, inda gona ke jikin gona, kuma ba a cika barin fili ya huta ba. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da damina. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Watari a shekarar 1980 kuma, noman rani ya samu gindin zama, musamman na shinkafa da tumatir da albasa da masara.

Irin wannan tattalin arziki yana tilasta wa mutum tafiya. Mai hatsi yakan kai kayansa kasuwar Dawanau, mai kayan gwari ya nufi 'Yankaba, mai haɗa kayan aure ya shiga Kurmi da Kantin Kwari, mai jinya kuma ya kwana a Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata. Haka nan wanda ya fito Bichi ya hau babbar hanyar Katsina yana iya zarcewa har Jibiya da Maraɗi. Waɗannan tafiye-tafiye duk na neman abinci ne ko neman lafiya ko sada zumunci, babu wadda aka shirya domin yawon buɗe ido. Duk da haka, kusan kowace daga cikinsu tana ratsawa ta kusa da wani gidan tarihi. Alal misali, daga Asibitin Murtala zuwa Gidan Makama tafiya ce da ake yi a ƙasa.

3.2 Ma'anar Ƙaramin Gidan Tarihi

Gidan tarihi wuri ne da aka keɓe domin tattara kayayyakin da suka shafi rayuwar al'umma ta da, a adana su, a yi bayaninsu, sannan a bar jama'a su gani. A sigarsa ta hukuma, baƙon abu ne da ya zo a zamanin mulkin Turawa. An kafa sashen kula da kayan tarihi na Nijeriya a shekarar 1943 a ƙarƙashin Kenneth Murray. Gidan tarihi na farko an buɗe shi a Esie, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a shekarar 1945, domin adana wasu ɗaruruwan mutum-mutumi na dutse da aka tarar a wurin. Na Jos ya biyo baya a 1952, na Legas kuma a 1957. Doka mai lamba 77 ta shekarar 1979 ita ce ta kafa hukumar ƙasa da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi.

Sai dai kuma ajiyar kayan da, da nuna su ga jama'a, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fadar sarki tana da taskar da ake ajiye takubba da tambura da sandunan girma, a fito da su ranar naɗi ko ranar hawa. Gidan malamai yana da gafaka da kundayen da aka gada kaka da kakanni. Ɗakin amarya yana da jere, wanda aka shirya shi musamman domin mata su shigo su gani. Bambancin kawai shi ne, waɗannan ajiye-ajiye suna da masu su, kuma ba kowa ake buɗe wa ba.

A wannan nazari, abin da ake nufi da ƙaramin gidan tarihi shi ne wanda ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, ya kasance ana iya zagaye shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. Na biyu, ya kasance ya ta'allaƙa ga abu guda, ko mutum guda, ko gari guda. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ya kasance ginin ko wurin da kansa yana cikin abin da aka zo gani. Wannan sharaɗi na uku shi ne ya raba shi da manyan gidaje irin na Legas, inda ake kwaso kaya daga ƙasashe daban-daban a jera su a cikin gilashi, nesa da inda aka yi amfani da su.

3.3 Gidajen da ke Bakin Hanya

3.3.1 Birnin Kano

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano. Tarihi ya nuna an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, tun kafin ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun yi amfani da gidan na wani lokaci, daga baya aka mayar da wani sashe nasa gidan tarihi. An raba wannan sashe ɗaki-ɗaki. Akwai inda aka nuna tarihin ganuwa da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, akwai kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da kwalkwali, akwai kayan kiɗan fada, da rubuce-rubucen malamai, da hotunan zamanin Turawa, da kayan sana'o'i, da kuma kwaikwayon ɗakin amarya. Amma babban abin kallo shi ne ginin da kansa, wato kaurin bango, da bakan gizon da ke riƙe da rufi, da azarar da aka jera, da sanyin da ke cikin soro ko da ana tsakiyar bazara.

Gidan Ɗan Hausa kuma yana unguwar Nasarawa. Nan ne Hanns Vischer ya zauna, Baturen da aka haifa a ƙasar Suwizalan, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a shekarar 1906, kuma ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Jin Hausarsa ne ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. Ginin ƙasa ne mai zane a jikin bango, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da shi. Duk ɗan makarantar da ya fito daga Bagwai, idan ya tsaya a wannan gida, yana tsaye ne a mafarin tsarin karatun da ya kai shi aji.

Na uku shi ne Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wato gidan Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a 1950. A nan ya zauna har rasuwarsa a ranar 17 ga Afrilu, 1983, kuma a nan aka binne shi. Jami'ar Bayero ta mayar da wurin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, tare da barin sashen da ya zauna da wasu daga cikin kayansa domin masu ziyara. Abin da wannan gida ke koyarwa yana cikin ƙanƙantarsa da ƙarancin kayan da ke ciki. Ga talakan karkara, wanda kakanninsa suka san haraji da jangali da aikin tilas, wannan darasi ne da ba ya buƙatar mai fassara.

3.3.2 Katsina da Daura

Matafiyin da ya bi hanyar Bichi zuwa Katsina zai tarar da gidan tarihi a cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a shekarar 1922. A cikin waɗannan azuzuwa na ƙasa ne Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A cikin garin kuma akwai hasumiyar Gobarau. A gabashin Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai kushewun Durɓi ta Kusheyi, waɗanda aka tona a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992, aka samu kayan ƙarfe da na ado da ke nuna tsohuwar hulɗar kasuwanci da ƙasashe masu nisa.

A Daura, wadda ake zuwa daga Kano ta Kazaure, akwai rijiyar Kusugu. Wannan gidan tarihi ne da abin nunawarsa guda ɗaya ne tak, wato rijiya, wadda aka gina ɗaki a kanta. Labarin da aka gada ya ce a nan ne Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa kuma aka samu sarakunan Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da saɓani a kan yadda za a fahimci wannan labari, amma babu saɓani a kan matsayinsa a wurin jama'a. Masu ziyara sukan sha ruwan, wasu ma su ɗura a gora su tafi da shi gida. A nan ana iya ganin bambancin ƙaramin gida da babba, domin rijiya ba ta ɗaukuwa zuwa Legas.

3.3.3 Birnin Kudu

A kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda almajirai da 'yan ci-rani suka saba bi zuwa gabas, akwai garin Birnin Kudu, wanda yake cikin Jihar Kano har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A duwatsun da ke gefen garin, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, akwai tsofaffin zane-zane na shanu a jikin kogo. Akwai kuma duwatsun da idan aka buga su suke ƙara kamar kuge, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a tsakiyar shekarun 1950. Abin lura a nan shi ne, yawancin shanun da aka zana ba su da tozo. Ɗan birni yana iya kallon zanen ya wuce bai lura ba, sai an gaya masa. Amma mutumin Wuro Bagga ko na Kiyawa, wanda ya tashi da shanun huɗa a ƙofar gida, da kallo ɗaya zai gane cewa waɗannan ba irin shanun da ake kiwo a ƙasar Kano yanzu ba ne. Ke nan ya karanta hujjar da masana ke kafawa da ita a kan daɗewar zanen, ba tare da ya karanta allon bayani ba.

3.3.4 Argungu da Yamai

Ga wanda tafiyarsa ta yi nisa zuwa yamma, akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce ta ƙarni na 19, wadda aka daina zama a cikinta a 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. An ajiye makamai da tambura da layu da kayan su, kuma a harabarta ake binne sarakunan Argungu. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar kuwa, gidan tarihin ƙasa da aka kafa a 1959, wanda aka sa wa sunan Boubou Hama, ya fi waɗanda aka ambata girma, amma yana da wata rumfa da ta cancanci a ambata. A cikinta an ajiye busasshen kututturen itaciyar Tenere, wadda ta daɗe tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada tana zama alama ga ayarin raƙuma, har wata mota ta buge ta a 1973. Wannan ya nuna cewa ba tsada ko ƙyalli ke sa abu ya zama kayan tarihi ba. Abin da jama'a suka sani game da shi ne ke ba shi daraja.

3.4 Dalilan da ke Hana Matafiyi Shiga

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Duk da haka akwai dalilan da ke sa mutumin karkara ya wuce ƙofar gidan tarihi bai shiga ba.

Dalili na farko shi ne lokaci. Wanda ya kawo kaya kasuwa hankalinsa yana kan ciniki da kuma motar komawa gida kafin dare. Na biyu shi ne ɗaukar da aka yi wa wurin a matsayin na Turawa da 'yan boko, wanda ya samo asali daga yadda aka kafa gidajen tun farko. Abin da ya ƙara ƙarfafa wannan zato shi ne, yawancin allunan bayani da Ingilishi aka rubuta su, alhali mai ziyara yana iya karanta Hausar boko ko ajami. Na uku shi ne zargin cewa gidan tarihi gidan gumaka ne ko na kayan tsafi. Wannan zargi yana da tushe, domin akwai gidajen da ke nuna mutum-mutumi da kayan bori. Sai dai ajiye abu domin a san yadda mutanen da suka rayu daban yake da girmama shi. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kamar a aya ta 137 ta Suratu Ali Imrana da aya ta 42 ta Suratur Rum. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na abin da ke Gidan Makama ya shafi tarihin Musulunci ne da malamai da jihadin ƙarni na 19.

Asarar da wannan nisanta ke jawowa ta shafi ɓangarorin biyu. Matafiyi ya rasa ganin tarihinsa, gidan tarihi kuma ya rasa mutumin da zai iya gaya masa sunan kowane sashe na masaƙa, ko bambancin garmar huɗa da hauyar noma, ko irin itacen da ake sassaƙa akushi da shi. Ma'aikacin gidan tarihi ya karanta waɗannan abubuwa ne a takarda, shi kuwa tsohon manomi ya riƙe su da hannunsa shekara da shekaru.

3.5 Abin da Gidajen Ba Su Ajiye Ba

Idan aka dubi gidajen da aka lissafa a sama, za a ga mafi yawansu sun ginu ne a kan sarauta da yaƙi da malanta da siyasa da zuwan Turawa. Kayan manomi da na matar gida suna samun kusurwa guda ne kawai, in ma sun samu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin takobi da sulke ƙarfe ne, suna da mai su, kuma suna da labarin da maroƙa suka riƙe. Kayan talaka kuwa na itace ne da kara da ƙasa da duma, waɗanda gara da ruwan sama suke cinyewa, kuma idan sun tsufa sai a sa su a murhu.

A ƙasa irin ta Bagwai, canjin da aka samu daga shekarun 1970 zuwa yau ya kawar da kayayyaki masu yawa daga amfani. Injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadama. Injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa. Roba da silba sun maye gurbin ƙwarya da akushi da tulu. Atamfa da shadda na kanti sun sa an ajiye mazari da masaƙa. Buhu da ɗakin ajiya na siminti suna rage yawan rumbuna. Babur da amalanke sun rage aikin jaki da mangala da taiki. Jeren amarya ma ya bi matakai, daga ƙore zuwa tasoshi, zuwa kwanonin sha masu fenti, zuwa tangaran a cikin kabad. Haka nan zamanin gyaɗa, wanda ya fara bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ya kuma durƙushe bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, ya bar sikeli da injin ɓara da takardun sayen kaya a ƙauyuka da dama. Tsofaffin kuɗi irin su sisi da sule, waɗanda aka daina kashewa bayan shigowar naira a 1973, har yanzu ana samunsu a ƙasan adaka.

Doka ma ba ta kai ga yawancin waɗannan kaya ba. Dokar 1979 ta ɗauki aikin hannu a matsayin kayan tarihi ne idan an yi shi kafin shekarar 1918, ko kuma idan yana da muhimmanci na musamman kuma an yi amfani da shi a wani biki na gargajiya. Saboda haka jigon da aka kafa a 1960, ko masaƙar da aka ajiye a 1975, ba su shiga wannan ma'ana ba. Abin da ya tsufa ƙwarai kuma yana fuskantar wata barazanar ta daban, wato dillalai masu bin ƙauyuka suna saye da araha su fitar waje. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sanya mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa. Ta haka tarihin karkara yake zubewa ta baki biyu: tsohon ya tafi kasuwa, na baya-bayan nan ya tafi murhu.

Babbar asarar ma ba ta kayan ba ce kaɗai. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kalmomi da karin magana da waƙoƙin aiki. Yaron da bai taɓa ganin dutsen niƙa ba, ba zai fahimci yanayin da waƙoƙin niƙa suka fito ba. Wanda bai san rumbu ba, karin maganar da aka gina a kansa za ta zame masa hadda kawai. Wannan ne ya sa batun ya shafi mai nazarin harshe da adabi kamar yadda ya shafi mai nazarin tarihi.

3.6 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wannan matsala ba ƙasar Hausa kaɗai ta sama ba. A ƙasar Suwidin, lokacin da masana'antu suka fara canza rayuwar ƙauye, Artur Hazelius ya buɗe Skansen a birnin Istokholm a shekarar 1891, inda aka ɗauko gidajen manoma da kayan aikinsu aka sake kafa su a fili. Amma misalin da ya fi kusa da yanayin Bagwai shi ne na ƙauyen Fombori, kusa da Duwanza a ƙasar Mali. A shekarar 1997 aka kafa wani tsari a can da aka kira bankin al'adu. Mutum yakan kawo wani abin gadon gidansu ya ajiye a ɗakin tarihin ƙauyen, a ba shi ɗan rancen jari, abin kuma ya ci gaba da zama nasa. Yawan rancen ya danganta ne ga yawan bayanin da ya iya bayarwa game da asalin abin da amfaninsa. Ta wannan hanya aka rage sayar wa dillalai, aka kuma rubuta tarihin kowane abu daga bakin mai shi. Daga baya an kwaikwayi tsarin a wasu ƙauyukan Mali da ƙasashen Benin da Togo.

Tushen wannan tsari sananne ne ga Bahaushe, domin ya san jingina, ya san adashi, ya san ajiyar amana. Idan za a gwada irinsa a Bagwai, wajibi ne a tsara rancen ba tare da kuɗin ruwa ba, domin ya dace da addinin jama'a. Ba a kuma buƙatar babban gini. Aji guda a makaranta, ko soro guda a gidan hakimi ko dagaci, ya isa a fara, muddin an kare shi daga yoyo da gara. Abin da ya wajaba shi ne kowane abu ya samu takarda mai ɗauke da sunansa da Hausa, cikin boko da ajami, da ƙauyen da ya fito, da aikin da ake yi da shi, da shekarar da aka daina amfani da shi gwargwadon abin da tsofaffi suka tuna. Kasancewar madatsar ruwa ta Watari tana jawo manoma da masunta da 'yan kasuwa daga wasu garuruwa, irin wannan ɗaki ba zai rasa masu leƙawa ba.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar ƙaramin gidan tarihi, an kuma kawo misalai daga Kano da Katsina da Daura da Birnin Kudu da Argungu da Yamai, waɗanda duk suke bakin hanyoyin da mutumin Bagwai kan bi. An nuna cewa darajar irin waɗannan gidaje tana cikin kasancewar abin da aka ajiye yana nan a muhallinsa, kuma manomin karkara yana da ilimin da zai fahimce su da shi, har ma ya ƙara wa masu kula da su sani. An kuma nuna cewa kayan rayuwar karkara na ƙarni na 20 sun faɗa tsakanin doka da sakaci, kuma mutanen da suka yi aiki da jigo da masaƙa da dutsen niƙa suna ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya adana ta. Babi na huɗu zai kawo sunayen waɗannan kayayyaki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake kiransu a ƙasar Bagwai, tare da bayanin yadda ake yin su da karin maganar da suka danganci kowannensu.